Farin da Baba Ya Gani a Kwarin Dutsen Musa

A daminar bana an yi mana ruwa da ƙanƙara a Funtuwa, ran wata Laraba da la'asar. Ta yi ta dukan kwanon ɗaki kamar ana watsa tsakuwa. Da aka ɗauke, maiɗakina ta fita tsakar gida ta tsinto cikin tafin hannunta ta miƙo mini. Sanyin ya ratsa mini yatsu. Ita tana ta mitar masarar bayan gida da ta kwanta, ni kuwa tuni hankalina ya tafi Misira, wajen wani kwari da na je sau biyu, wanda har yau in an ce in siffanta shi sai in rasa wanne daga cikin biyun zan faɗa.

Lokacin ina ɗalibi a Alƙahira, ina zaune a Hayyin Ashir, mu huɗu a gida ɗaya, hawa na biyar, saman shagon wani tela Basudane. Kwarin yana can kudancin Sina, a gindin dutsen da ake cewa a nan Allah Ya yi magana da Annabi Musa. Tafiyar yini guda ce a mota. Zuwana na farko a watan Afrilun 2012 ne, tare da 'yan'uwana ɗalibai, kuma mun faɗa daidai lokacin da baƙi suka fi cika wurin.

Tun daga bakin gari manyan motoci ke jere. Raƙuma a gurfane da shimfiɗu masu launi, masu su na ta kiran mutane. Babu irin yaren da kunnena bai ji ba. Har wasu mata Kiristoci daga Jos muka tarar, sun ɗaura zani iri ɗaya, ɗayarsu ta ji muna Hausa ta juyo ta ce, "Kai, yaran nan, har nan kuka biyo mu?" Ta kwance bakin gyalenta ta raba mana ƙuli-ƙuli. Rana tana da ɗumi amma ba ta ƙuna, iska kuma mai daɗi. Duwatsun jajaye ne, kamar an gasa su. A tsakaninsu ga lambuna an kewaye da katangar dutse, kore shar: zaitun, rumman, ɓaure, inabi, da wani itace da suke kira lauz, mai ƙwaya kamar gyaɗa, ana cin ɗanyensa da gishiri.

Mun sauka a lambun wani dattijo, Ammu Jumu'a, wanda ya gina ɗakunan baƙi a gefen gidansa. Ɗakunan sun cika, sai a gindin itatuwa aka shimfiɗa mana. Kwana biyu muka yi ban ji ya haɗa kalma biyar ba, kullum yana sauri da butar shayi a hannu. Na tafi da cewa mutum ne marar magana.

Da na je gida hutu, babu wanda ya kai Baba son labarin. Baba manomi ne, a ƙauyenmu wajen Dandume, kuma duk ƙauyen shi ake kira in za a yi wa mangwaro aure. Bai tambaye ni tsawon dutsen ba. Itatuwan yake tambaya: ina suke samun ruwa a cikin dutse, wace irin ƙasa ce, da me ake yi musu taki. Abin da na sani na faɗa, wanda ban sani ba na ƙara gishiri.

A lokacin ma idanunsa sun fara yin yana, amma ba mu ɗauka da zafi ba. Zuwa ƙarshen 2013 sai da jagora yake zuwa masallaci. Babban wanmu, Yaya Sani, ya haɗa 'yan'uwa aka turo shi Alƙahira, tunda ina can. Aka yi masa aiki a wani asibiti a Ma'adi. Ranar da aka cire bandeji, likitan ya haska masa fitila, ya sake haskawa, sannan ya juyo gare ni ya yi magana da Larabci, a hankali, kamar mai karanta wasiƙa. Ya ce an cire yanar, aikin ya yi kyau, amma jijiyar ta riga ta mutu tun da daɗewa. Na hagu babu. Na dama zai riƙa bambanta haske da duhu, shi ma na ɗan lokaci.

Baba yana zaune a kujera, hannuwansa a gwiwa. Ya ce, "Mansur, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce sai a hankali, Baba."

Da na kira Yaya Sani a waya, sai ya ce, "Kada ka faɗa masa a can. Bar shi ya dawo cikin mutanensa tukuna." Na ji sanyi a raina, don dama ba ni da bakin faɗa.

Saura kwana goma jirgin Baba ya tashi. Muna karyawa da safe sai ya ce, "Kai ni kwarin nan naka. In idon zai buɗe, ya buɗe a can."

Abokin zamana Abdulƙadir, mutumin Maraɗi, ya ja ni baranda. "Yanzu? A Disamba? Babu kowa a can, wallahi. Ga hanya duk sojoji tun da aka yi juyin mulki. Ka ce masa ma'alish, ya yi haƙuri, sai wani zuwan."

Na san babu wani zuwan. Kuma a raina, ban san me ya sa ba, na ɗauka wurin yana nan yadda na bar shi, iyaka dai a ɗan ƙara riga. Sanyin Alƙahira na sani, ana jure shi. Na aro wa Baba kwat da safa, muka kama hanya.

Mu bakwai ne a motar da ke cin mutum arba'in. Ana ta sauka a hanya har muka rage mu uku. A kowane shinge sai an karɓi fasfo an juya shi, an leƙa fuskar Baba, an tambaye ni me za mu je yi. Wani soja ya ce, "Ziyara? Yanzu?" Ya girgiza kai ya miƙo mini.

Gab da magariba direban ya tsaya ya ce, "Halas, shi ke nan, mun iso."

Na ce masa ba nan ba ne. Ya ce nan ne. Na sauka na duba gabas na duba yamma. Wani fili ne fetal, babu mota ko ɗaya, sai leda da iska ke kora. Shaguna duk an ja musu ƙofofin ƙarfe. Babu raƙumi, babu kashinsa ma. Duwatsun da na sani jajaye sun koma baƙaƙe, girgije ya haɗiye kawunansu. Iskar da ta buge ni kuwa ba sanyi na ji ba da farko, zafi na ji, kamar an yanka mini kunne. Har na koma zan sake yi wa direban gardama, sai na hango wani tankin ruwa mai shuɗin fenti da na taɓa jingina da shi na ci ƙuli-ƙuli. A nan na tabbata wurin ne.

Baba ya dafa kafaɗata. "Mun iso? To, faɗa mini."

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ga motoci nan, Baba. Sun dai ragu, yamma ta yi."

"Ban ji hayaniya ba."

"Mutanen sun hau dutse."

"Itatuwan fa?"

"Suna nan. Kore shar."

Ya ce, "Masha Allah." Muka kama tafiya.

Sau biyu ina ɓata hanya. Wancan zuwan jama'a na bi, ban lura da komai ba, yanzu kuma katangun duk iri ɗaya suke, ga rassa tsirara suna leƙowa ta samansu. Wata mata mai koro awaki ce ta nuna mana ƙofar. Ammu Jumu'a ya buɗe, bai gane ni ba. Na hango ɗakunan baƙin a kulle, an jibge kujeru a baranda an rufe da buhuna. Ya dube ni, ya dubi Baba da ke karkarwa, ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Yalla, shigo da tsohon nan kafin iska ta kashe shi."

Cikin gidansa ya kai mu, ɗakin da ake hura wuta. Matarsa, Hajja Salha, ta aiko da miyar adas mai zafi, wani irin wake ne ƙanana, da gurasa. Baba ya sha ya ce a yi mata godiya.

Da gari ya waye ya ce in fita da shi lambu. Yana bin katanga da hannu har ya ci karo da reshe. Ya kama, ya bi shi da yatsu tun daga gindi har kai. Babu ganye ko ɗaya.

"Mansur, wannan ne koren?"

"Wannan ɗayan ne ya bushe, Baba."

Ya kankare ɓawon da farce, ya kai hanci ya shaƙa. "Bai bushe ba. Barci yake."

Ammu Jumu'a ya ce mu manta da hawan dutse, sama ta yi nauyi. Ana kiran azahar abin ya fara. Babu tsawa, babu ƙamshin ƙasa, babu ƙara a rufi. Na leƙa ta taga na ga wani abu fari yana saukowa a hankali, na ɗauka toka ce daga murhun maƙwabta. Sai na ji ihu. Dattijon nan da nake cewa ba ya magana ya fita tsakar lambu babu rawani, hannuwansa a sama, yana kabbara yana dariya, Hajja Salha tana rangaɗa guɗa daga madafi. Ana amsawa daga wasu lambunan.

Ni kuwa ban yi murna ba. Hanya nake tunani, da jirgi, da ƙirjin Baba. Na bi shi waje na ce, "Ammu, lafiya? Wannan ba zai rufe hanya ba?"

"Zai rufe! In Allah Ya yarda zai rufe!"

Na tsaya ina kallonsa. Na ɗauka Larabcina ne ya gaza. Sai ya kama hannuna ya kai ni bakin rijiya ya ce in leƙa. Can ƙasa na hango ɗan ruwa kamar a gindin tulu. Ya ce hunturu uku ke nan ba su samu na kirki ba. Wannan dusar ƙanƙarar in ta zauna a kan duwatsu ta narke a hankali, ita ce ke cika rijiyoyi. Koren da na gani a Afrilu, daga nan yake fitowa.

Baba yana bakin ƙofa yana tambayar me ake yi wa guɗa. Wannan karon na fassara masa daidai. Ya yi dariya, ya miƙa tafin hannunsa waje.

"Ashe damina ce ta sauka," in ji shi. "To, a ce masa barka."

Kwana biyu tana zuba, tana tsagaitawa tana dawowa. Wuta ta ɗauke, waya ta daina shiga, aka ce an rufe hanya. Motar da ke kawo gari ba ta zo ba, gidan burodi bai buɗe ba. Zamanmu ya koma bisa tsari ɗaya. Da asuba ruwan jarka ya daskare, sai an kai shi bakin wuta kafin a yi alwala, kuma kafin ka wanke ƙafa ta biyu ta farko ta daina jin taɓawa. Itacen girki rassan da aka sare ne daga lambu, ba su da yawa, don haka sau biyu ake hura wuta, safe da yamma. Tsakanin nan kowa ya naɗe a bargo. Hajja Salha takan kwaɓa gari ta binne a toka mai zafi, ta fito da shi ta kaɗe, a raba huɗu. Ranar farko miyar adas tana da kauri. Rana ta uku kana hango gindin kwano. Sai busassun 'ya'yan itace da shayi mai ganyen ƙamshi. Na yi azumi a zafin Alƙahira, na san yunwa, amma yunwar sanyi daban ce. Ba a ciki take tsayawa ba, har cikin ƙashi take shiga, ka ci ka tashi kamar ba ka ci ba.

Aiki kuwa bai yanke ba. Ni da Ammu Jumu'a mukan hau rufi mu ture ƙanƙarar kada ta karya azara. Takalmina na zuwa aji ne, sai na ɗaura leda a kan safa. Daga nan mu bi 'yan magudanan da ke kai ruwa tafkin lambu muna fitar da duwatsu da yayi, mu kai wa awaki abinci, mu leƙa wata tsohuwa a lambun gaba da ke zaune ita kaɗai. Baba aka ba shi aikin fasa lauz da dutse a bakin murhu. Hannunsa bai taɓa kuskure ba. In mun dawo, su biyun su sa ni a tsaka: yaya ake yi wa itace aure a nan, da wane wata, da me ake ɗaurewa. Akwai kalmomin da ban sani ba a Larabcin, akwai waɗanda ban sani ba a Hausar ma. In na kakare sai Ammu ya ɗauko reshe ya sa a hannun Baba, su gama maganarsu ba da ni ba.

Baba ya fara tari. Duk tarin da ya yi sai na ji kamar ni na sa masa.

Muna kan rufi na tambayi Ammu Jumu'a wane lokaci ne ya fi dacewa a zo kwarin nan, don in sani.

Ya ce, "Ga wa? Gare ku ko ga itatuwa?"

Na ce ban gane ba.

"Lokacin baƙi ni mai dafa shayi ne. Ba na ganin lambuna sai na wuce ta ciki da gudu. Yanzu ne nake manomi." Ya tura ƙanƙara ƙasa. "Amma bana ko a lokacin nasu ba su zo ba. Kai ne baƙona na farko tun kafin azumi. In babu su babu gari a buhu, in babu wannan babu ruwa a rijiya. Kai ɗalibi ne, faɗa mini wanne ne lokacin."

Har yau ban sani ba.

Rana ta huɗu muka tashi babu girgije ko ƙyalle. Da hantsi ya ɗaga na riƙo Baba muka fito ya sha rana. Ni kaina sai da na runtse ido. Ƙasa fari, katanga fari, rassa fari, duwatsu tun daga gindi har sama fari, rana kuma ta faɗo a kai duka tana dawowa cikin ido.

Baba ya tsaya cak. Ya saki hannuna.

"Mansur! Ya buɗe!"

Ya yi taku biyu shi kaɗai, ya ɗaga hannuwa. "Ya buɗe, wallahi! Ina ganin haske ko'ina! Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi!" Tun da nake ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya haka ba.

Ammu Jumu'a ya taho da gudu yana tambayar me ya faru. Shi bai san abin da likita ya ce ba. Na ce masa Baba ya ce yana gani. Ya rungume Baba yana kabbara, yana cewa albarkar wurin ce, Hajja Salha ta fito ta sake guɗa. Ni ina tsaye a tsakiyarsu. Na rantse akwai ɗan lokacin da ni ma na yarda. Na ce a raina, wa ya sani, likita mutum ne, kuma ga inda muke tsaye.

Sai Baba ya ce, "Ina dutsen? Juya ni wajensa."

Na juya shi. Ya buɗe ido sosai, ya kai hannu ya kare goshi. Ya daɗe.

"Fari ne kawai," in ji shi. "Zo gabana."

Na tsaya a gabansa, kusa har ina jin numfashinsa.

"Ka zo?"

"Ina gabanka, Baba."

"Hasken ya ɗan ragu." Ya lalubo fuskata da hannu. Sannan ya juya da kansa wajen ƙofar ɗakin da muka fito, ya sake juyowa wajen lambu, ya sake komawa. Na ga murnar tana sauka daga fuskarsa. "Can duhu, nan haske. Mansur, mene ne a nan wajen?"

Na ce, "Ƙanƙara ce, Baba. Ta rufe ko'ina, rana ce ke dukanta."

"To, ni ne nake gani, ko ita ce take haske?"

Na durƙusa a cikin ƙanƙarar. Na faɗa masa abin da likita ya ce, tun daga yanar har jijiyar, na hagu da na dama, ban rage komai ba.

Ruwa ya fara ɗiga daga indararo.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da aka cire bandeji."

"Sani ya sani?"

"Ya sani. Ya ce a bari ka koma gida."

Ya gyaɗa kai. "Motocin nan naka, na san babu su. Kunnena ba a yi masa aiki ba. Ganyen ma na sani. Na ce yaro ne, ya kawo ubansa ya tarar ba yadda ya faɗa ba, kunya yake ji, bari in ƙyale shi." Ya juyo da fuskarsa wajena. "Amma wannan ban sani ba. Ka bar ni na yi wa Allah godiya a gaban mutane a kan abin da bai ba ni ba."

Na ce, "Ka yafe mini, Baba."

"Zaunar da ni."

Na share wani dutse na zaunar da shi, fuskarsa wajen rana. Hawaye na bin kumatunsa, ban sani ba ko na hasken ne ko na baƙin ciki. Ammu Jumu'a ya matso ya tambaye ni da ido. Na faɗa masa. Ya cire abayarsa ta gashin raƙumi ya yafa wa Baba, ya zauna kusa da shi a kan dutsen. Haka suka zauna har azahar, babu wanda ya san yaren wani. Ni na rasa inda zan sa kaina, na koma ina fitar da duwatsu daga magudanar da muka riga muka gyara.

Ranar Baba bai ci gurasarsa ba. Bai yi mini magana ba, ko buta Ammu ne ya miƙa masa.

Kashegari kwarin duka ya cika da ƙarar ruwa. Ta ko'ina yake gangarowa, ta tsagar duwatsu, ta gindin katanga, ta kan hanya. Baba ya fito ya tsaya yana saurare, sannan ya miƙa hannu, ba wajena ba. Ammu ya kama shi ya kai shi bakin tafkin lambu, ya sa masa sanda a hannu. Baba ya zura ta, ya fito da ita, ya shafa ya ji inda ta jiƙe. Ya ce, "Madalla." Daga nan suka shiga cikin itatuwan lauz. Ammu ya ɗora masa hannu a reshe, Baba ya bi shi ya samu inda ya kamata a yanke, ya riƙe, Ammu ya yanka. Ina biye da su ina tsince rassan na kai madafi. Sai in ana bukatar fassara Baba ke kiran sunana, kuma kowane karo sai ya ce, "Yadda ya faɗa."

Da yamma Ammu ya ɗaure wasu 'yan rassa a tsumma mai laima ya ce Baba ya tafi da su gida. Ya ƙara da cewa, gaskiya, itacen nan in bai sha sanyi irin wannan ba, zai yi ganye amma ba zai yi 'ya'ya ba. Na fassara yadda ya faɗa. Baba ya juya ƙunshin a hannu, ya shinshina, ya mayar masa.

"Ka ce na gode. A bar shi a garinsu."

Rana ta shida aka buɗe hanya. Ba mu hau dutsen ba, ko hanyar hawansa ba mu taka ba. Hajja Salha ta cusa mini lauz a aljihu, wanda Baba ya fasa. Ammu Jumu'a ya rako mu har filin mota. Ya riƙe hannun Baba da hannu biyu ya yi ta addu'a, Baba yana amsawa da amin, shi ma ya yi tasa da Hausa, Ammu yana amin. Ba su nemi in fassara ba.

Motar ta tashi, mu biyar a ciki. Na sa Baba a gefen taga, na zauna kusa da shi ina jiran abin da ban sani ba. Muka fita daga gari, muka wuce shingen farko. Ya jingina kansa da gilashi. Na ɗauka barci ya yi.

Can ya ce, "Mansur."

"Na'am, Baba."

"Me ke waje? Kada ka ƙara ko ganye ɗaya."

Na duba. Na ce, "Dutse ne, Baba. Baƙi, akwai sauran ƙanƙara a tsagarsa."

"Sai me?"

"Wani dutsen."

"Sai me?"

"Akuya ɗaya, ramammiya, a gefen hanya. Tana kallonmu."

"To, madalla," in ji shi. Ya lalubo gwiwata ya ɗora hannunsa a kai. "Ci gaba."

Na ci gaba. Dutse, yashi, wata itaciyar ƙaya, soja yana hamma, dutse. Ban rufe baki ba har muka hango ruwan mashigin Suwais, muryata ta dishe, hannunsa kuma bai bar gwiwata ba.